Ƙwaƙwalwar Dokta Tana Jamus

Dokta Ubaidullahi ya ce rabin cokali na ƙwaƙwalwarshi yana Jamus cikin farantin gilashi, Turawa na ba shi abinci safe da yamma.

Haka ya faɗa. A tsakar gidanmu, bisa tabarmar baƙi, da kofin zoɓo a hannunshi. Bai yi dariya ba, kuma ba wanda ya yi. Inna cewa ta yi "Allahu Akbar," ta gyara mayafi. Ni kuwa ina bakin murhu ina tankaɗe, na ce a raina, to madalla, an gano inda ta tafi.

Kafin in ci gaba, ku yi haƙuri da shirun da kunka ji. Na ga saƙonninku duka, har da na wadda ta ce ko an yi bikin ne ban gayyace ta ba. Ba a yi ba, 'yar uwa. Sabis anka ɗauke muna a Sabon Birni, wayata ta koma fitila da madubi. Amma lafiyata lau. Yau ma tuwo malmala biyu na tashi da shi har da suɗe kwano, abin da rabona da yi tun da mutumen nan ya koyi hanyar gidanmu. Ku gyara zama.

Ga waɗanda yanzu sunka shigo: sunana Lailatu, ƙunshi nike yi ma amare. Boko na tsaya a ƙaramar sakandare. Sauran abin da na sani, ni da wayata da rediyon Baba munka koya ma juna. Turancina tsintarshi na yi kamar yadda kaza ke tsintar tsaba, ba shi da kyan ji, amma shina kai ni inda za ni.

Babana Malam Is'haƙa ɗan kasuwa ne, albasa da wake yake kaiwa Maraɗi ya dawo da abin da ya samu. Daminar waccan babur ya kayar da shi a hanyar Burkusuma, kanshi ya bugu, anka yi mishi aiki a Sakkwato. Ya tashi, alhamdu lillahi, sai dai hannun dama bai tashi tare da shi ba, magana kuma sai a hankali kamar mai tafiya cikin ƙaya. Likitoci sun ce ya riƙa matsa abu a tafin hannu kullum. Baba ya ce shi ba yaro ba ne da za a ba shi ƙwallo. Ya koma zaman rumfa shina kallon bango. Mutumen da da can ba ya iya zama wuri guda har shayi ya huce.

To a nan Dokta ya same mu.

Ɗan Tozai ne, shina da kemis a Isa. Ya ɓace wasu shekaru, ya dawo da farar riga irin ta likitoci, wadda yake ɗorawa bisa shadda ko da rana na dafa ƙwai. Akwai kuma tabarau, wanda na taɓa leƙawa ta cikinshi ranar da ya aje shi, na ga duniya yadda na bar ta. Ya tafi shina cewa "za ni", ya dawo shina cewa "zan". Turarenshi na riga shi sallama. Wata ƙawar Inna ce ta yi mata kwatancenshi, ya zo duba Baba, ya duba Baba, ya duba ni.

A zuwan farko ne ya yi ma Inna bayanin aikinshi na Turai.

"Hajiya, abin da mutanenmu ba su sani ba, ƙwaƙwalwa ƙwayoyi ce ƙanana masu saiwa kamar ta gero. A can ɗakin gwaje-gwaje muna shuka su a faranti, mu kewaye su da maganaɗisu, sai ki ga saiwar tana miƙewa tana neman 'yar uwarta."

"Maga mi?" in ji Inna.

"Abin da kuke ce wa mayen ƙarfe."

"Au, na cikin rediyo."

"Ba irin wannan ba, Hajiya, namu na kimiyya ne. To da suka auna tawa ƙwaƙwalwar suka ga ta fi ƙarfin na'urarsu, sai suka roƙe ni in ba su iri."

"Iri?"

"Iri, Hajiya. Yanzu haka tana can tana yaɗo."

Ya ciro waya ya nuna muna hoto. Baƙin fili ne, da wasu korayen zarurruka sun sarƙe kamar yaɗon kabewa bisa danga. Inna ta karɓi wayar da hannu biyu. Daga baya ya tura min hoton waya da waya, tun da ba sabis, ya ce don in riƙa ganinshi ta ciki. Jama'a, wasu samari turare suke kawowa, wasu atamfa. Ni ƙwaƙwalwa anka ba ni.

Sai hula. Zuwa na biyu ya zo da ita cikin kwali, naɗe a farin kyalle. Hula ce baƙa, an jera mata mayen ƙarfe ƙanana a ciki, waya ta fito ta ƙeya ta shiga wani ɗan batir mai shuɗiyar wuta da ke ƙiftawa. Ya ce Baba ya riƙa sa ta bayan asuba da bayan azahar, kuma dole ya riƙe goruba a hannun dama shina matsawa, don wutar ta san inda za ta. Ranar farko Baba ya sunkuya zai ɗauki carbi, makullin ɗakin hatsi ya yi tsalle ya manne mishi a goshi. Inna ta ce, "Kun gani ko? Tana aiki."

Abin da likitocin Sakkwato sunka kasa sa Baba ya yi, hular nan ta sa shi. Ya matsa goruba da safe, ya matsa da yamma, har tsakanin lokutan ya matsa a ɓoye. Kafin gero ya fitar da kai, babban yatsanshi ya motsa. Na gani da idona. Baba ya dubi yatsan kamar ɗan da ya daɗe a tafiya ya dawo, ya kawar da kai don kar mu ga idonshi. Inna ta rangaɗa guɗa har maƙwabta sunka leƙo ta katanga.

Daga ranar nan na rasa sukuni a gidanmu.

"Lailatu, Dokta ya zo, tashi ki sa jan leshin nan."

"Inna, wanki nike."

"Wankin ya ci ƙaniyarshi. Mutumen da ya tada hannun ubanki za ki fito ma da zanen wanki?"

In na ce surutunshi ya yi min yawa, ta ce ilimi ne ke cinshi. In na ce ban yarda da maganar Jamus ba, ta ce ke da kika tsaya aji nawa? Sa'o'inki na goyon na uku, ke kina nan kina zana ma 'ya'yan mutane fulawa a ƙafa. Wannan kam gaskiya ta faɗa, ban musa ba.

Shi Baba bai taɓa matsa min ba, kuma da ya matsa da ya fi min sauƙi. Wata safiya ya kira ni rumfa, hular na kanshi, wutar na ƙiftawa, goruba a hannu.

"Ɗiyata. Yaron ga... ya yi min magana. Kina son shi?"

Na dubi yatsan nan da ke motsi bisa goruba. Na dubi fuskarshi da ta fara cikowa. Bakina ya ce, "Duk yadda ka ce, Baba."

Kun san ma'anar wannan a gidajenmu. Ya yi murmushi ya ce to, ranar Juma'a in Dokta ya zo zai ba shi izini ya turo magabatanshi. Kuma Malam Is'haƙa in ya ba da magana, ko a kasuwar Maraɗi an san ba ya janye ta.

Na koma ɗaki na kwanta rub da ciki. Na hango kaina a Isa, bayan kantar kemis, ina jin labarin Jamus har ranar da za a kai ɗayanmu makwanci.

Gwaggo Saude ce ta fitar da ni. Ƙanwar Baba ce, atamfa da sabulu take sarowa daga Nijar, kuma bakinta ko reza ta san da zamanshi. Ta zo ta tarar da ni na yi zuru-zuru, ta ce ma Inna za ta tafi da ni in taya ta karɓo kaya wajen Burkusuma. A mota ta ce min, "Kaya ƙunshi guda ne, ba ni buƙatar kowa. Hwaɗi min abin da ka cinki."

Na ce, "Gwaggo, sabis nike so."

Akwai wani tudu can kusa da iyaka, da bishiyar aduwa a bisa, inda sabis ɗin Nijar ke tsallakowa. Tun da anka ɗauke namu wurin ya zama kasuwa. Ka ga dattijo da rawani ya ɗaga waya sama kamar mai roƙon ruwa. Ka ga wata na kuka, wata na dariya, wani na ihu "Ba ni jinka! Ka ce ta haihu ko ta mutu?" Har mai shayi ya kafa tebur. Gwaggo ta ba ni layinta na Nijar, ta samu gindin aduwa ta baje mayafi.

Ina kunna data wayar ta fara rawa a hannuna. Saƙonnin Dokta ne, ashe shi ma yana zuwa nashi tudun ya aiko su, suna nan jibge suna jirana.

"Salam Laila ta. Yau na tashi da ciwon kai, ina jin sun kunna maganaɗisun a can."

"Duk lokacin da suka kunna sai in ji tunaninki ya ƙaru. Wannan a kimiyyance ne."

"Ki rage cin ɗanɗano a miya, yana kashe ƙwayoyin kai. Ina son 'ya'yanmu su gaje ni."

"Kin yi shiru. Na fahimta, kwarjini ne."

Na karanta ma Gwaggo na ƙarshen. Ta ce, "Kwarjinin uwatai."

Na bar saƙonni na shiga abin da ya kawo ni. Na rubuta da guntun Turancina, ina gogewa ina sakewa, har abin ya gane ni. Kuma jama'a, ga abin da ya ba ni mamaki: ba duka ne ƙarya ba. Da gaske ana renon ƙwayoyin ƙwaƙwalwa a faranti. Na ga bidiyon wata mata da safar hannu tana ɗiga musu wani ruwa ja-ja, tana mayar da su cikin akwati mai ɗumi kamar mai renon 'yan tsaki. Da gaske kuma ana kewaye farantin da naɗin waya mai ƙarfin mayen ƙarfe a ga abin da zai faru. Wasu sun ce saiwar ta ƙara tsawo. Wasu sun ce ta karkata gefe guda. Wasu sun ce sun zuba ido ba su ga komai ba. Wasu ma sun ce da ƙarfin ya yi yawa ƙwayoyin sun sha wahala. Kuma kusan kowane, in ya gama dogon bayaninshi, sai ya rufe da cewa wannan a faranti ne, ba a kan mutum ba, sai an ƙara bincike.

Abin nan ya tsaya min a rai. Mutanen da ke da farantin a gabansu suna cewa ba mu tabbatar ba. Wanda ke da hotonshi a waya ya tabbatar.

Sai na tuna hoton. Na ɗora shi a wurin da ake neman hoto da hoto. Sabis ya yi ta juyi, na ɗaga wayar sama ni ma kamar dattijon nan, na taka wani dutse. Sai ga shi ya fito. Shi ne, ba kama ba. Baƙin filin, korayen zarurrukan, har wani ɗan lanƙwasa na gefen hagu da Dokta ya ce nan ne wurin lissafinshi. A ƙasa an rubuta ɓaro-ɓaro: ƙwayoyin ƙwaƙwalwar jinjirin kusu. Ɓera ke nan, ga mutanen Kano.

Na sauko daga dutsen na zauna kusa da Gwaggo.

"Gwaggo, ta kusu ce."

"Mi?"

"Ƙwalwar da ke Jamus. Ta kusu ce."

"Kusu? Wanga da ka cinye muna gero a rumbu?"

"Jinjirinshi ma."

Gwaggo ta yi dariya har ta riƙe aduwa, ƙaya ta soke ta, ba ta ji ba. Mai shayi ya leƙo ya ce lafiya, ta ce mishi an yi muna haihuwa ne a Turai. Da ta lafa ta share ido ta ce, "Tashi mu tahi. Yau ɗin ga za ni hwaɗa ma Yaya."

Ban tashi ba.

"Gwaggo, in kin hwaɗa mishi zai jefar da gorubar."

Ta tsaya da mayafi a hannu.

Na ce, "Ba hular ka aiki ba, matsawar ce, na sani. Amma shi don hular yake matsawa. In ya ji ƙarya ce zai koma kallon bango. Kin manta yadda yake?"

Gwaggo ta yafa mayafin. Sannan ta ce, "To sai ki auri mutum don goruba?"

Na miƙe na kakkaɓe zanena. Munka karɓi ƙunshin sabulu munka dawo, kowa na kallon tagarshi.

Da munka shigo gida Baba na rumfa. Ya ce, "Lailatu, zo ki gani." Ya sa hannun dama ya kama kofin silba, ya ɗaga shi daga tabarma kamar tsawon ɗan yatsa, hannun na rawa, ruwan na zuba. Ya aje. Ya dube ni shina haki shina dariya. Wayar na cikin jakata da kusunta. Na ce, "Ma sha Allah, Baba." Na wuce ɗaki.

Daga nan har Juma'a na tsara maganar ta fi a ƙirga. In tsara ta ina shara, in rushe ta ina wanke-wanke. Na ce ko in tari Dokta shi kaɗai in nuna mishi, sai na tuna mutumen da ke jin ciwon kai daga Jamus ba zai rasa amsar kusu ba. Na ce ko in faɗa ma Inna, sai na tuna aji nawa na tsaya. Na yi sallah na ce, Allah, ka ga hannun Baba, ka ga ni, ka san yadda za ka yi da mu biyun, ni ban sani ba.

Juma'a ta zo. Inna ta tashi da dambun shinkafa da zogale, ta yanka zakaran da take ta yi ma tanadi, ta dama fura da nonon da ta aika anka karɓo tun da sassafe. Ta ciro min jan leshin da kanta, da ɗan kunnenta na aure, ta tsaya a kaina har na ɗaura ɗankwali. Gwaggo ta zo ba a gayyace ta ba, ta shige ɗakina ta zauna bakin gado, ta ce ita kallo ta zo.

Bayan an sauko masallaci turare ya yi sallama, sannan Dokta. Shadda ruwan toka, farar rigar a bisa, sabuwar hula ƙube ta zauna daram. Ya durƙusa ya gaida Baba, ya taɓa batirin hular baƙar, ya ce wutar na tafiya daidai. Ni da Gwaggo muna bayan labule. Wayar na hannuna, hoton a buɗe. Gwaggo na zungurina da gwiwar hannu, ni kuma ban fita ba.

Sun ci, sun sha. Baba ya gyara murya, na ce shi ke nan, an zo wurin. Sai na ji ya ce:

"Dokta. Kafin mu yi... maganar da ta tara mu. Akwai abin da nike so... in tambaye ka tuni."

"Bismillah, Baba."

"Da sunka ɗebi taka ɗin. Ƙaƙa sunka yi?"

Ba tuhuma a muryar Baba, wallahi. Irin muryar da yake tambayar farashin albasa ce. Dokta kuwa an taɓo mishi inda yake so. Ya aje ludayi, ya gyara tabarau.

"Ai Baba ba ƙaramin aiki ba ne. Farfesoshi ne suka taru a kaina. Nan ƙeya suka buɗe, suka ɗaga ƙashin kamar murfin tukunya. Jini ya cika kwano. Na ce kar su sa min maganin barci, ina kallonsu ta madubi ina yi musu gyara."

"Allah Sarki," in ji Inna daga bakin madafa.

Fuskar Baba ta washe. Ban taɓa ganin ya yi murna da Dokta kamar lokacin nan ba.

"Ashe ɗan'uwana ne kai," ya ce. "Ashe ka san abin." Ya sa hannun hagu ya tuɓe baƙar hular, ya aje ta bisa tabarma da batirinta, ya juya mishi gefen kai. Tabon aikin Sakkwato ne, wanda Baba ba ya bari ko mu mu gani, ya taso daga saman goshi ya lanƙwasa har bayan kunne, gashi bai sake fitowa a wurin ba. "Ga nawa. Naka shina yi maka ƙaiƙayi... in hadari ya taso?"

"Sosai ma, Baba."

"Nuna min. Mu ga ɗinkin Turawa... da na Sakkwato, wane ya hi."

Dokta ya yi 'yar dariya ya dafe hularshi. Ya ce an hana shi buɗewa a iska. Ya ce wurin na da laushi. Ya ce af, Baba, ina muka tsaya a maganar magabata? Baba ya ce to, ba komai, amma na ga murnar ta ɗan rage, kamar wanda ya miƙa hannu ba a karɓa ba.

Sai ladan ya kira la'asar.

"Lailatu!" in ji Inna. "Kawo ma su Dokta buta."

Gwaggo ta ture ni waje. Na cika buta biyu na kai, na durƙusa gefen Baba don ni ke zuba mishi ruwa. Dokta ya naɗe hannun farar riga ya tsuguna bakin rariya, bayanshi na wajenmu. Ya wanke hannu, ya kurkure baki, ya wanke fuska, tabarau a aljihu. Da ya zo shafar kai sai ya ɗan tura hular baya, ya shafi goshi da yatsa biyu, ya wuce kunne.

Ku da kunka san Baba kun san zai haƙura da komai ban da wannan.

"Dokta. Shahwar kai... sai an kai ƙeya an dawo."

"Baba, a can malamai sun ce..."

"Nan ba can ba ne. Sake."

Ba yadda zai yi. Ga Baba, ga ni, ga Inna ta leƙo da ludayi, ga labulen ɗakina na motsi. Ya cire hular ya ɗora bisa gwiwa.

Askin Juma'a ya yi, tal-kwabo. Rana ta faɗa bisa kan ta dawo muna. Daga goshi har ƙeya ba ƙwarzane, ba ɗigo, ko tabon faɗuwar ƙuruciya babu.

Baba ya ce, "Matso."

Ya matso da tsugunne. Sai Baba ya ɗaga hannu, kuma jama'a, na dama ya ɗaga. Baƙar hular na can bisa tabarma, wutarta na ƙiftawa ita kaɗai, ba kan kowa a cikinta. Hannun ya tashi shina rawa, ya sauka a ƙeyar Dokta, ya shafa dama, ya shafa hagu, ya bi bayan kunne a hankali kamar mai zaɓen kankana. Na ga Baba ya dubi hannun, ya dubi hular, ya sake duban hannun. Wani abu da ya daɗe zaune a ƙirjina ya tashi ya ba ni wuri. Na kife wayar a cinyata, kusu ya huta.

"Baba, da haske suke yi yanzu," in ji Dokta, murya ta koma ta Tozai. "Ba shi barin tabo."

"Ɗazu ka ce murhin tukunya. Da jini cike da kwano."

Dokta ya lalubi hularshi. Ruwan buta ne kawai ke tsiyaya a rariya, sai wani sauti daga ɗakina kamar an danne bakin akuya da filo.

Baba ya janye hannunshi, ya lalubi gorubarshi a tabarma ya damƙe ta. Sannan ya yi magana, kuma tun da ya dawo daga Sakkwato ban ji ya jera kalmomi haka ba tare da ya huta ba.

"Ka ce ma magabatanka su sha zamansu, kar su ɓata man mota. Ni da anka buɗe nawa, ga hanya nan har kunne. Kai naka sumul kamar sabuwar ƙwarya. Ta ina sunka shiga?"